Shekarar da Na Yi Niƙa Shiru

Mijina makaɗin masunta ne. Ba zan kama sunansa ba, ban kama yana raye ba balle yanzu da ƙasa ta rufe masa ido. Ƙauyenmu yana kan wani ɗan tudu gabas da Haɗeja, ta wajen Kirikasamma. In ruwa ya cika fadama da damina, sai mu zauna a tsakiya kamar ƙwarya a kife, wanda duk zai fita sai ya ɗora ciki a kan gora ya yi ta tura ruwa da hannu. Da rani kuwa kogin bai wuce gwiwa ba, fatake masu jakunan kanwa daga Borno ta mashigarmu suke bi.

Kowace shekara in ruwa ya ja baya, sarkin ruwa yakan sa ranar buɗe babban tafki. Mutanen wannan gaɓa da na ƙetare duk a hallara da koma da goruna, a yi su tun hantsi har rana ta karkata. Makaɗa biyu ne ke tsayawa bakin tafkin, nawa da na ƙetare, kuma dole kowa ya zo da sabuwar waƙa. Wadda masunta suka kama suna yi a cikin ruwa, mai ita shi ne makaɗin shekara, shi ake fara ware wa kifi, shi ake kira biki da suna. Saboda haka sabuwar waƙa ba ta shan iska kafin ranar. Maigidana a cikin tsohon rumbu yake koya wa 'yan amshinsa, su shiga su uku su tsuguna kamar kaji, a naɗe ganga da tsumma, a rufe bakin rumbun da faifai. Ni dai dariya abin yake ba ni, manyan maza da gemu suna fitowa jiƙe da gumi, ƙaiƙayi a ka.

To, makaɗin ƙetaren nan mijin yayata ne. Ita kaɗai nake da ita a duniya. Innarmu mutuniyar wajen Birniwa ce, ta rasu ina kan yaye, ban san fuskarta ba. Yaya ce ta goye ni, ta koya mini daka da niƙa, ita ta yi mini jere da aka kawo ni ɗaki. Da rani ba na yin mako biyu ban haye ba, ta yi mini kitso, mu yi ta hira har la'asar. Mazanmu suna gaisawa sama-sama, mu kuwa babu ruwanmu da gangarsu.

Shekarar da abin ya lalace ina bakin tafki tare da mata, muna jiran a fara jefo kifi mu fafe. Mijin Yaya shi ne babba, shi ke farawa. Yana buga ganga ya buɗe baki, sai na gane waƙar. Karin da na yi wata guda ina ji yana fitowa ƙasa-ƙasa daga rumbunmu, shi ne a bakinsa. Kalmomin dabam, amma hawa da saukar duk iri ɗaya. Abin da ya fi muni, akwai wani wuri a tsakiyar waƙar da murya ke tsayawa cak ba dalili, ganga ta buga sau ɗaya, sannan a ci gaba. Maigidana yana ji da wannan tsayawar ƙwarai, yana cewa babu makaɗin da ya taɓa yin irinta. Ga ta nan a bakin wani, a daidai wurin.

Da layi ya zo kan maigidana bai da abin yi sai tsohuwar waƙar bara. Masunta ba su da kunya in suna cikin ruwa. Wani ya ɗaga murya ya tambaye shi ko gara ce ta cinye sabuwar a rumbu, aka kwashe da dariya. Ya dawo gida da 'yan ƙananan ƙarfasa a ƙwarya.

Daga ranar gidanmu ya zama gidan kallon-kallo. Ya fara da 'yan amshi. Ya kira su ɗaya-ɗaya yana tambaya ina suka je, da wa suka zauna a kasuwar Haɗeja, wa ya ba su goro. Ya kai su gaban limami suka rantse. Ɗayansu, abokinsa tun suna yara, ya rantse ya karkaɗe rigarsa, bai sake taka ƙofar gidanmu ba. Da rantsuwa ta wanke su, babu wanda ya rage sai ni. Na lura in na shigo yana 'yar murya sai ya yi shiru. In na dawo daga ɗiban ruwa sai ya tambaye ni da wa na tsaya. Wata safiya ina shara ya tsaya a kaina ya ce, "Ke, daga yau ba ke ba ƙetare."

Na ajiye tsintsiya na gaya masa abin da ke bakina, kuma bakina ba ƙarami ba ne. Na ce ni ban iya gangarsa ba, ban san inda waƙarsa ta dosa ba, in ɓarawo yake nema ya duba cikin masu shiga rumbu. Ya ce su sun rantse, ni kuwa kaina yana kan cinyar matar abokin gabansa duk mako biyu. Bai ɗaga murya ba, kuma bai janye ba.

Na yi fushi, na yi kuka, sannan abin ya fara cin raina ta wani ɓangare. In ba 'yan amshi ba ne, kuma na san ban kai da gangan ba, to ta ina ta haye? Sai na shiga tuna zaman kitso. Yaya takan ce, tana tsaga gashi, me maigidanki ke dafawa bana? Da can wasa na ɗauka. Na tuna mijinta da ke yawan aiko mini da goro in na je, mutumin da ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Na tuna yadda takan ja kitson ya daɗe, ta warware ta sake. Mutum in yana kwance ana masa kitso hankalinsa tafiya yake yi, wa ya san abin da bakina ya yi ta gunguni? Na ga sabon zane a jikinta ranar su, na ce a raina, to, ga ladan. Haka na zauna ina ɗinka ƙananan abubuwa, kowanne ya zauna daram. Har matar da ke sayar mana da daddawa sai da na daina bari ta wuce zaure.

Kafin ruwa ya sauka ɗiyar Yaya ta haihu. Wannan kam babu yadda maigida zai hana, don uwarsa da kanta ta ce abin kunya ne a yi suna babu ni. Ya yarda, amma ya haɗa ni da gwaggonsa, wata tsohuwa mai kunne kamar na zomo, wai ta taya ni ɗaukar kaya. Kayan ba su wuce ƙwarya ɗaya ba.

Da safen suna muka durƙusa niƙa ni da Yaya, dutse biyu kusa da juna, gwaggo tana can tana tsince shinkafa. Muna cikin yi sai Yaya ta fara waƙa, kuma karin nan ne dai, na bakin tafki. Na saki ɗan dutse na ce, "To, ga ta nan. Ashe a bakinki ma take."

Ta dakata, ta dube ni. Ta ce, "Auta, ashe ke ma haka kike gani?"

Sannan ta gaya mini, a hankali don kada gwaggo ta ji, cewa waƙar niƙan Inna ce. Da ita Inna ke niƙa ina goye a bayanta, da ita kuma ita Yaya ta yi niƙa ina goye a nata bayan. Ta ce in duba hannunta. Ta sake farawa, tana turawa tana jawowa, da ta zo wurin tsayawar nan sai muryarta ta yanke, hannun dama ya tafi ƙwarya ya ɗebo hatsi ya zuba a kan dutse, sannan murya ta dawo. Ta ce babu macen da za ta iya miƙa hannu ta ɗebo hatsi tana jan numfashin waƙa, shi ya sa ake tsayawa. Ta ce mijinta a wurinta ya tsinta bai sani ba, nawa kuma a wurina, don ni ma ina yin ta kullum. Ta ce Inna ta bar irinta da yawa, wasu da yaren gabas a ciki, ita ce kawai ta riƙe su.

Ban yarda ba. Na ce a raina Yaya dama tun muna yara ta iya tsara magana, kuma wanda aka kama ai dole ya nemi mafita. Ni da ban taɓa jin kaina ina waƙa ba? Aka yi suna aka watse, muka yi sallama a tsaye, ba ta raka ni bakin kogi ba kamar yadda ta saba.

Na dawo gida da niyyar in ƙaryata ta. Sai na shiga sauraron kaina, abin da ban taɓa yi ba. Kwana kaɗan, ina tsakiyar niƙan dawa, hankalina yana kan akuyar da ta ɓalle, na farga bakina yana motsi. Ita ce. Na miƙa hannu ƙwarya, murya ta yanke. Wallahi sai da na waiga, kamar wani ne ya yi a bayana.

Da na waiga kuwa na ga abin da na yi shekara da shekaru ina gani ban kula ba. Dutsen niƙana yana jikin zana, bayan zanar kuma nan maigida ke shimfiɗa tabarma kowace safiya, wai yana gyaran tsarkiyar ganga. Ina hango ƙafafunsa ta ƙasan zana. Tsarkiyar nan ba ta taɓa gama gyaruwa ba tun da aka kawo ni gidan. Gidan da faɗi, ga inuwar goruba can, ga zaure, me ya sa sai nan? Duk zargin da na ɗora wa Yaya ya tashi ya sauka a kansa. Na shiga tuna waƙoƙinsa na baya, waɗanda aka yi ta yabo, ina gwada su da tafiyar ɗan dutse, sai in ji da yawa sun hau daidai. Na kasa gane ko ya sani yake yi, ko kuwa kunnensa ne ke sata shi yana gefe.

Na ce bari in gwada shi. Da damina ta kankama, ruwa ya zagaye mu, akwai wani zalɓe da ke tsayawa a bayan gidanmu da ƙafa ɗaya tun safe. Na ƙaga masa waƙa da kaina, wadda ba ta Inna ba, ba ta kowa ba: zalɓe ka tsaya, ruwa na ta tafiya, kai kana nan. Na ba ta wani kari mai lanƙwasa a ƙarshe wanda ban taɓa ji a bakin wani ba. Kowace safiya in yi ta, ba da ƙarfi ba, idona yana kan ƙafafun nan na ƙasan zana. Wata rana na ga babban yatsan yana motsi yana bin dutse.

Da kaka suka shiga rumbu. Na ɗauki tsintsiya na je ina sharar wurin da babu datti. Ta cikin faifai na ji zalɓena, an cire masa fuka-fuki an sa masa rawani, ya zama sarkin ruwa mai tsayuwa ruwa na wucewa. Lanƙwasar tana nan. Wurin ɗiban hatsin ma yana nan, ganga ta cike shi da bugu ɗaya.

Na jira 'yan amshi suka tafi, na kai masa fura, na zauna, abin da ba na yi. Na gaya masa duka, da ta Inna da ta zalɓe. Na ce ya zo gobe ya tsaya ta wannan gefen zana ya kalli hannuna. Da farko dariya ya yi har fura ta sarƙe shi. Da ya ga ba wasa nake ba sai fuskarsa ta canza. Ya rantse cewa a bakin ruwa waƙar ta zo masa, yana zaune shi kaɗai yana kallon wani zalɓe. Na ce zalɓen bayan gida? Ya ce zalɓe ai ba na gidan ubana ba ne. Sannan ya ce, "Abin da mata ke yi a kan dutse ai ba waƙa ba ce, nishi ne. Waƙa sai an zauna an gina ta."

Har yau ban san ko gaskiyarsa ya faɗa ba. Idonsa bai yi kama da na mai ƙarya ba, amma kuma bai zo ya kalli hannuna ba, kuma washegari tabarmar tana nan inda take. Ba zan hana shi nasa ba, ya iya gini. Abin da na yi da layi ɗaya shi ya shimfiɗa shi ya kai tsawon yini, ya sa sunayen kakannin masunta, ya sa amshi mai daɗi. A su na shekarar, tun kafin ya kai rabi masunta suka kama, tafki ya ɗauka gaba ɗaya. Aka kawo mana tarwaɗa har muka rasa wurin shanya. Na ce to, yanzu da ya huce zai bar ni in haye. Ya ce a'a, bana da ban haye ba ai ga shi waƙa ba ta fita ba, wane shaida kuma ake nema?

Nan na ji abin ya kai mini wuya. Na ce tunda nishi ne, bari in daina nishi. Daga ranar na kama bakina.

Wanda bai taɓa niƙa shiru ba bai san nauyin dutse ba. Aikin da nake gamawa kafin rana ta hau katanga sai ya kai ni hantsi, baya ya riƙe, gari ya fito da tsaki. Bakin kuma ba ya jin magana, sau da yawa sai na ciji leɓe. Maƙwabta suka fara leƙowa suna tambaya ko lafiya, wata ta ce ko ciki ne, wata ta kawo mini rubutu in sha. Shi kuwa yana nan bayan zana. Ina ganin ƙafafun, sai su miƙe, su naɗe, su sake miƙewa. Wani lokaci ya yi tari. Ni ma in yi tari in ci gaba da aikina.

Rani ya wuce, damina ta zo ta wuce. Ya shiga yawon bakin ruwa, ya fita tun safe ya dawo da laka har gwiwa. Ya je kasuwar Haɗeja ya zauna wurin masu goge, ya dawo yana tsaki. 'Yan amshi su zo su zauna a zaure su ci goro su tafi, rumbu ba a buɗe ba. Ya rame. Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba, don mutum ne mai ciyar da gidansa, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Amma duk lokacin da tausayin ya taso sai in tuna na fi shekara ban ga Yaya ba, ban san ko tana lafiya ba sai abin da masu gora suka faɗa. Sau ɗaya ya tambaye ni, yana kallon wani wuri, ko maƙogwarona ke ciwo. Na ce lafiyarsa ƙalau.

Ruwa ya fara ja, ana maganar sa ranar su, sai wata safiya na fito na tarar da shi tsaye da babban gora da ƙunshin busasshen kifi. Ya ce zumunci ba abin wasa ba ne, ya yi tunani, bai kyautu a raba 'yan'uwa ba. Ya ɗauki goran da kansa har bakin kogi, ya riƙe mini shi na hau. Ina shirin turawa ya ce, "Kada ki yi gaggawar dawowa. In tana aiki ki taya ta, ko niƙa ne."

Na juyo na dube shi. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Duk faɗin kogin nan ina tura ruwa ina juya maganar. Ko ya gane ne, wannan ce hanyarsa ta ba da haƙuri? Ko kuwa rumbu ne ya bushe, ya tuna na ce Inna ta bar wasu da yawa a wurin Yaya? Na isa ƙetare ban gane wanne ne ba.

Yaya ta fito ta rungume ni, muka yi kuka, ta kawo ruwa, ta sa aka yanka kaza. Ta tsufa a shekarar nan da ban gan ta ba. Na gaya mata na ji kaina, na ga hannuna, gaskiyarta ce. Ta ce ba komai, ya wuce. Na kwana da murna, ina cewa gobe zan roƙe ta ta yi mini na Inna duka, ɗaya bayan ɗaya, ni da ban san muryar uwata ba sai ta nan.

Da safe muka durƙusa, dutse biyu kusa da juna. Na zuba hatsi ina jira ta fara. Ta ɗan tura dutse, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Auta, saura kwana kaɗan a buɗe tafki. Shi ya aiko ki?"

Na so in ce a'a. Na buɗe baki in rantse, na ga ban san abin da zan rantse a kai ba. Na ce, "Shi ya kawo ni bakin ruwa, Yaya."

Ta gyaɗa kai. Muka gama niƙan nan ba a jin komai sai dutse.

Daga nan ban sake samun hani ba, na ci gaba da hayewa har ƙarshen ranta. Ba ta rage ni da komai ba. Ta yi mini kitso, ta yi wa 'ya'yana goyo, in na yi ciwo ita ke fara zuwa. Amma ba ta sake waƙa a gabana ba. Na roƙe ta ba sau ɗaya ba, takan ce tsufa ya zo, ta manta su. Na yarda, don ni ma mantuwa ta fara kama ni. Sai ranar sadakar bakwai ɗinta, muna wanke ƙore da ɗiyarta, na ce kaico, waƙoƙin Inna sun daɗe da ɓacewa. Yarinyar ta dube ni da mamaki. Ta ce ai har makon da uwarta ta kwanta tana yin su, kullum in na zo takan yi shiru ne, da zarar an ce na haye kogi na koma gida sai ta fara.